Shekarar da Muka Yi wa Karatu Gayya

Ɗana soja ne, kuma kamar yawancin sojojin da ƙasar Zuru ta haifa, muryarsa a waya ta fi ƙafarsa zuwa gida. 'Yarsa ta fari tana hannuna tun da aka yaye ta. Uwarta tana can bariki tare da shi da ƙannenta, a wata jiha mai nisa. Tun da mijina ya rasu, ni da yarinyar ne kaɗai a gidan nan, sai awaki. Ita ke zura mini zare a allura, ita ke cire mini ƙaya a ƙafa, kuma duk unguwar ita kaɗai ta isa ta ɗanɗana miyata ta ce gishiri ya yi yawa, ta kwana lafiya.

Ban yi makaranta ba. A kan dutsen da aka haife ni, hauya ake miƙa wa yarinya. Amma ina da ido, kuma ba na ba da aronsa.

Shekarar da ta shiga aji biyar, masu duba makarantun gwamnati suka zagaya makarantun yankinmu. Ba su tsaya jin waƙar da yara ke rerawa a aji ba. Ɗaya bayan ɗaya suke kiran yaro, su miƙa masa shafin da bai taɓa gani ba, su ce ya karanta. Yaran da ke iya rera littafi tun daga bango har bango suka tsaya suna kallon takarda kamar an ba su ƙwarya ba hura. Jikata na cikinsu.

Ban san wanda ya kai wa ubanta labari ba. Ya kira ni a waya.

"Mama, ashe yarinyar nan ba ta iya karatu ba?"

"Kullum tana zuwa makaranta. Ni nake kora ta."

"Ba zuwa na tambaya ba, Mama. In na zo hutun Kirsimeti zan ba ta abu ta karanta. In ta kasa, da ita zan koma. Akwai makaranta a bariki."

Na ce masa ya gai da matarsa, na miƙa wa yarinyar wayar ta kashe. Ranar na zuba wa awaki dusa sau biyu ban sani ba.

Ba a daɗe ba hedimasta ya tara iyaye ƙarƙashin mangwaron makaranta. Yawancinmu mata ne, don mazan wasu na gona, wasu na bakin daga. Ya ce ofis ya umarci kowace makaranta ta ɗaga ƙoƙarin yaranta kafin shekara ta ƙare. Malamai za su yi nasu. Mu kuma namu shi ne mu zaunar da yaro a gida, mu saurari karatunsa.

Maƙwabciyata matar kofur, mai sayar da ƙosai a bakin hanya, ta ɗaga hannu.

"Malam, mu saurari me? Ni ko karatu yake, ko zagin uwata yake da Turanci, duk ɗaya ne a kunnena."

Aka kwashe da dariya. Ni ban yi ba. Na miƙe, na gyara ɗaurin zanena. Na ce shekarar da mijina ya kwanta ciwo, ciyawa ta cinye mana dawa, ba zama na yi ina sauraron gonar ba. Gayya na kira. Mutane suka zo da hauyoyinsu, kafin rana ta karkata gona ta yi fes. Na ce tunda a makarantar nan akwai yaran da suka iya, akwai waɗanda karatu ya fi ƙarfinsu, me ya hana a kai wa masu rauni gayya gida-gida?

Sai mata suka ɓarke da tafi. Hedimasta ya sosa ƙeya, ya ce ai wannan ma akwai shi a littattafan koyarwa, karatun haɗin gwiwa ake ce masa. Malamar aji biyar, wata siririyar yarinya da ba ta daɗe da fara aiki ba, ta ce a hankali, "Amma Mama, shi karatu kowane yaro da kansa yake..." Na ce mata ta bari manya su gama magana. Ta bari.

Gayya tana da dokokinta, kuma a ƙauyenmu ba a wasa da su. Kowa ya kama kunyarsa a gona ya bi ta har ƙarshe. Wanda ya riga gamawa ya juyo ya tari na baya. Dole a yi kiɗa, don aiki ba kiɗa wahala ce kawai. Dole a ciyar. Wanda aka yi wa gayya sai ya rama. Babbar doka kuwa ita ce mai gona ba ya kama kunya ranar gayyarsa. Shi ne mai zagayawa da ruwa, mai miƙa kunu, mai yi wa mutane sannu. In aka ga hauya a hannunsa, ya nuna bai yarda da aikin baƙinsa ba ke nan, kuma zagi ne.

Duk waɗannan muka ɗauko, ba mu bar ko ɗaya ba.

Gayyar farko a gidan matar kofur aka yi, ranar Asabar, don ɗanta ne aka yarda ya fi kowa rauni. Ita da kanta ta nemi a shaida haka. Muka jera yara a tsakar gida, kowa da littafinsa. Aka raba shafi, kowane yaro da layinsa, shi ne kunyarsa. Muka ɗauko wani tsohon makaɗi, sa'ana, wanda tun da injin huɗa da maganin ciyawa suka shigo ba a cika nemansa ba. Ya zo da gangarsa, ya shafa mata mai, idonsa har da ƙwalla.

Da ya buga, yara suka ɗauka gaba ɗaya. Ban taɓa jin ƙara irin wannan ba. Kaji suka haura katanga. Kowa na kwarara layinsa, masu sauri suna gamawa su faɗa wa na kusa da su, a buɗe sabon shafi, a sake rabawa. Tsohon yana bi yana zuga su, yana yi wa wata 'yar gajeruwa kirari cewa ita ce mai cinye layi ba ta sha ruwa ba. Ɗan matar kofur kuwa yana ta kai da kawowa da bokitin kunu, gumi har wuya. Kafin azahar an nome littafin Hausa tas, an ci rabin na Turanci. Mata suka rangaɗa guɗa. Matar kofur ta karɓi littafin ɗanta da hannu biyu, ta kai ɗaki ta sa ƙarƙashin katifa, ta ce a bar shi ya huta.

Daga nan abin ya kama kamar wutar daji. Kowace Asabar da gidan da za a je, daga baya aka ƙara da yammacin Laraba. Gidaje suka shiga gasar abinci. Wadda ta yi kunun zaƙi, ta gaba ta yi da gyaɗa, ta gaba ta yanka zabo. Yaran da suka iya karatu suka fara ƙiba. 'Yar gajeruwar nan ta zama abin lallashi, mata na tare ta a hanya da rake da dafaffiyar gyaɗa don kada ta ƙi zuwa gidansu. Uwarta ta fara tafiya a kasuwa tana ɗaga kai.

Da littattafan suka ƙare, aka yi gardama ko ya halatta a sake karanta wanda aka riga aka gama. Tsohon makaɗi ya raba rigimar. Ya ce wancan noman firi ne, wato na farko, ai gona ba ta yin kyau sai an yi mata maimai. Aka koma shafin farko.

Aikin gida da malamai ke bayarwa ma muka sa shi cikin gayya. Ranar Litinin duk ajin sai su kai amsa iri ɗaya, kuma daidai. Maki ya tashi sama. Hedimasta ya fara sa hula a karkace.

Wata Bafulatana mai kawo mana nono ta ga abin, ta ce ita ma ɗanta na makarantar, kuma ba ta ga dalilin da za a tsallake ruga ba. Muka kwashi yara muka bi ta. Ta tarbe mu da ƙwarya-ƙwaryar kindirmo. Ganga na tashi, shanun da ke kusa suka tsinke igiya suka nufi rafi. Mijinta ya bi su da gudu yana zagin karatu da wanda ya kawo shi. Ɗan nata, da yake shi ne mai gayya, aka tura shi ya taya uban. Bai dawo ba sai da muka gama masa littafin.

Har wani mutumin ofis ya zo a kan babur ya gani. Ya ɗauki hoto, ya sha kunu, ya ce bai taɓa ganin iyaye sun tashi tsaye haka ba. Gaskiya ya faɗa. Bayan haka hedimastoci daga wasu makarantu suka riƙa zuwa kallo, har da wani daga wajen Dirin Daji, wanda ya tambaya ko dole ne sai da ganga. Tsohon ya ajiye makaɗinsa ya ce in ba dole ba ne a gwada a gani. Sai da aka ba shi haƙuri.

Gidana ya karɓi gayya fiye da yawancin gidaje, don ni ce na kawo shawarar, kuma ni ce Kirsimeti ke jira. Ban yi ƙwauro ba. Tuwon dawa da miyar kuka mai kifi, kunun gyaɗa har da tsamiya. Jikata ta iya tarbar baƙi, ba ta zubar da ko ɗigo, tana durƙusawa ta miƙa wa tsohon ruwa. Mata suna cewa, "Mama, kin yi tarbiyya." Na ji daɗi, ban nuna ba.

Bayan an yi mata maimai, wata safiya na gama shara, na zauna a kan turmi na kira ta.

"An nome miki firi, an yi miki maimai. Ɗauko littafin ki karanta in ji."

Ta buɗe, ta fara. Murya tar, ba tuntuɓe, har da lanƙwasa irin ta 'yar gajeruwar nan. Da kunnena kaɗai na saurara, da na kira ubanta a take na ce ya zo da duk takardun bariki. Amma ni fuska nake kallo. Bakinta na karatu, idonta na kan akuyar da ke ƙoƙarin cin igiyar shanya.

Na ɗora tafin hannuna a kan shafin. Karatu bai tsaya ba. Na rufe littafin gaba ɗaya, na zauna a kansa. Ta ci gaba har ƙarshe, ta ce, "Shafi na gaba, Kaka?"

"Ke, ta cikin zanena kike gani?"

"Ai na san shi, Kaka."

Na tashi na jawo buhun taki da ke jingine a rumfa, na nuna mata rubutun da ke jiki. Ta duba. Ta matso. Ta ja baya. 

"Ba a yi mana wannan ba."

"To duk gayyar nan me kike yi?"

"In a gidanmu ne, ruwa nake rabawa. Ke kika ce kada in taɓa littafi, zagi ne."

"A gidajen mutane fa? Ba ki da layinki?"

"Ina da shi. Kafin in gano inda ya fara, an riga an karɓe mini." Ta share ido da bayan hannu. "Kaka, in na tafi bariki wa zai riƙa zura miki zare?"

Na ce mata ba a kuka a gaban buhun taki, ta je ta kwance akuyar.

Na zauna na yi tunani. Har gobe ban ga laifin gayya ba. Ta nome abin da aka nuna mata, kuma ta nome shi da kyau. Mu ne muka ɗauka littafin shi ne gonar. Ashe gonar tana can tana yawo da bokitin kunu, ciyawa har kunne.

Washegari na je makaranta na sami malamar aji biyar bayan an tashi. Ta miƙe ta ba ni kujerarta. Na gaya mata abin da na gani.

"Mama, shi ne na so in faɗa ranar taro."

"Da ƙaramar murya kika faɗa. In kina da gaskiya ki riƙa ɗaga murya, 'yar nan, mu tsofaffi ba ma ji sosai. Yanzu me za a yi?"

Ta ce sai an koma tushe. Baƙi ɗaya-ɗaya, a haɗa biyu su ba da sauti, a haɗa sauti su ba da kalma, da Hausa tukuna kafin Turanci. Ta ce ba ya yiwuwa da ihu, kuma ba wanda zai iya yi wa wani. Za ta riƙa zama da yarinyar bayan an tashi, da wasu 'yan kaɗan irinta, in dai za a hana sauran yara leƙe da tsokana. Na ce ta bar mini ƙofa.

Hedimasta bai so a taɓa gayya ba, don ana sa ran wasu baƙin. Ya ce a yi duka biyun. Matan unguwa kuwa da suka ji na janye jikata daga gayyar Asabar don ta zauna ta yi abin da malama ta ba ta, sai suka turo matar kofur.

"Mama, da girmanki. An zo gidanki an yi miki aiki har sau nawa, yanzu lokacin ramawa ki ɓoye ɗiya? Ke fa kika koya mana dokar."

Ba ta yi ƙarya ba. Gidan da ya ci gayya dole ya fitar da hannu. In mai kunya ba shi da lafiya, wani daga gidan ya kama masa. A gidanmu kuwa, in ka cire yarinyar, saura ni da awaki.

Haka na fara zuwa gayya da littafi a hannu. Na tsaya a sahu tsakanin ɗan matar kofur da wani mai majina, aka nuna mini layina da yatsa. Tsohon makaɗi ya dube ni, ya kusa faɗuwa da gangar.

"Uwar soja, yau ke ce a aji? Wa ya ɗinka miki yunifom?"

"Buga abinka, tsoho. Haƙoranka ma ba su kai baƙaƙen layin nan yawa ba."

Ya buga. Ina cikin neman inda zan sa ido, 'yar gajeruwar nan ta gama nata, ta faɗo kan nawa, ta cinye shi, ta wuce. Ban ko buɗe baki ba. Aka buɗe sabon shafi, haka. Da aka tashi, aka yaba mini ƙwarai. Tsohon ya yi mini kirari cewa kunyata ce ta fi ta kowa tsabta. Wata Asabar mutumin ofis ya dawo ya same ni a sahu, ya ɗauki hotona, ya ce ga shi har tsofaffi sun shiga yaƙi da jahilci. Na ce masa ya matsa, yana tare mini iska.

Ranakun makaranta kuma ina bakin ƙofar aji biyar da kujerata da sandata. Ba yaron da ya leƙa sau biyu. Daga ciki ina jin muryar malama, wadda ta fara ɗagawa, da muryar jikata tana jan baƙi kamar mai ciro guga daga rijiya mai zurfi. Abin ba daɗin ji. Ba kiɗa, ba guɗa, ba kunu. Wata rana ta fito tana cewa kanta na ciwo, na ce alama ce hauya ta taɓa ƙasa.

A gida na samo hanyar da zan gane ko da gaske take. Ni ke ɗora yatsa, inda na ga dama. Wani lokaci daga ƙasan shafi, wani lokaci daga tsakiya. Ban san abin da ke wurin ba, amma na san in ido ya bar kan yatsa. Da ya bari sai in ce, "Akuya ba ta da rubutu." Ta yi fushi da ni sosai a watannin nan. Har ta daina gaya mini gishiri ya yi yawa, ta bar ni ina cin abina haka.

Ubanta ya iso ana saura kaɗan Kirsimeti, ya rame, ya yi baƙi. Ya kawo mini atamfa, ya kawo mata takalmi da wata jaka sabuwa mai girma, irin ta tafiya. Na ga jakar, na kau da kai. Da safe bayan ya karya, ya fito da kujera tsakar gida, ya zaro wata takarda daga aljihu, irin wadda asibitin bariki ke rabawa kan zazzaɓin cizon sauro, da Hausa. Ya kira ta. Ta zo ta durƙusa.

Ba ta kai ga karɓa ba muka ji ganga daga bakin layi.

Ɗana ya zabura ya miƙe, hannunsa ya kai ƙugu inda ba komai. Na ce ya zauna, na san masu zuwa. Na ɗauki muciya na fita ƙofa. Ga matar kofur a gaba, ga tsohon, ga yara sun cika layi kowa da littafi, 'yar gajeruwar nan tana miƙa wuya kamar mai shirin dambe.

"Mama, mun ji yau ce ranar. Ba ma barin namu shi kaɗai ranar babban aiki. A raba mana takardar."

"Ba mai shiga."

"Haba Mama! Takarda guda? Kafin soja ya ƙifta ido an gama."

"Na sani. Shi ya sa."

"Gayya ta zo ƙofarki ki kore ta? A ina aka taɓa yi?"

"Ban kore ku ba. Ku zauna nan. Za ku ci tuwo. Amma wanda ya buɗe baki da muciyar nan zan rufe masa. Kai kuma tsoho, sa hannunka a aljihu."

"Wandon ba shi da aljihu, uwar soja."

"To zauna a kansa."

Ya zauna a kan hannunsa. Yaran suka hau katanga suka jeru, kawuna kaɗai ake gani. Na tsaya a ƙofa, ƙafa ɗaya ciki, ɗaya waje.

Jikata ta ɗora yatsa a kan takardar. Ta daɗe. Sannan ta ce, "Sa... sau... sauro."  Ta ja ta gaba, ta faɗi, ta tashi, ta sake ja. Kowace kalma sai ta tauna ta kafin ta fito da ita. A kan katanga kumatun yara sun kumbura. 'Yar gajeruwar nan ba ta ko hango rubutun, amma jinkirin ya fi ƙarfinta, ta fashe da kuka.

Can ta isa wata doguwar kalma ta tsaya cak.  Ubanta ya fara kaɗa ƙafa. Sai ɗan matar kofur ya kasa daurewa, ya kwarma daga kan katanga, "Gidan sauro! Kullum shi ake rubutawa!"

Na ɗaga muciya. Amma yarinyar ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Ba shi ba ne," ta ce. "Wannan da ma ya fara. Ma... magu... magudanar ruwa."

Uban ya karɓi takardar ya duba, ya mayar mata. Ta ci gaba. Ba ta kai rabi ba ya ce ya isa. Gumi ya jiƙa mata wuyan riga.

"Mama, ba ta iya ba tukuna."

"Ban ce ta iya ba."

"'Yan aji uku na bariki sun fi ta sauri."

"Masu sauri ga su can a kan katanga. In sauri kake so, ɗauki ɗaya ka tafi da shi."

Ya dubi katangar, kawuna suka nutse. Ya dubi 'yarsa.

"Wa ya koya miki haɗa baƙi?"

"Malama. Kaka kuma tana tsare ƙofa."

Ya ninke takardar, ya ninke, ya sake ninkewa har ta zama kamar laya. Sannan ya ce zai bar ta zuwa Ista. In ya dawo, Turanci zai kawo, kuma shafi cikakke, ba rabi ba. Na ce ya kawo. Ya ce kuma yana so ya ga malamar kafin ya koma, ya yi mata godiya. Na ce ya sa kakinsa in zai je, yarinyar ta cancanta.

Na juya na gaya wa na waje an ɗaga zuwa Ista. Tsohon ya zaro hannunsa, ya ce hannun ya mutu, ba ya jin sa, amma da ɗayan ya buga. Suka shigo suka cinye tuwon da na yi wa ɗana na kwana biyu, har da ƙanzo. Matar kofur na suɗe hannu ta matso kusa da ni, ta yi ƙasa da murya.

"Mama, ita malamar nan, akwai sauran wuri a ajinta na yamma? Na zaro littafin nan daga ƙarƙashin katifa na ba yaron nawa, ya riƙe shi a kife."

Na ce ta kawo shi bayan hutu, amma ta sani ni ce a ƙofa.

Bayan sabuwar shekara muka raka ɗana tasha. Ya riga ya gaya wa direba tun zuwansa cewa kujera biyu zai kama. Ta biyun na ɗora masa buhun dawa da ƙullin daddawa na matarsa. Motar ta tashi. Jikata ta tsaya tana bin rubutun bayanta da ido, leɓenta na motsi, ta samo kalmar farko, tana kan ta biyu motar ta sha kwana.

"Kaka, ban gama ba."

"Wata za ta zo. Wuce mu tafi, ba a ba awaki ruwa ba."